Takardar Cefanen da Ta Zama Abin Tabarruki

 

Bara war haka muka rubuta wani labari da muke ji da shi ƙwarai. Ƙagaggen labarin kimiyya ne, mun ɗora shi a kan wata duniya mai nisa bayan shekara dubu uku, kuma a cikinsa akwai ƙungiyar asiri ta mutum goma sha biyu. Mun ba su duk abin da muke zaton ƙungiyar asiri tana buƙata: baƙaƙen alkyabbu, ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, rantsuwa da jini, da wani zobe wanda duk mai sanye da shi zai mallaki taurari bakwai. Ranar karatu a taron ƙungiyarmu ta marubuta muka miƙe muka karanta babi biyu, muna yi muna satar kallon fuskokin mutane. Da muka gama aka yi mana tafi irin na kara. Sai wata Hajiya, wadda ta fara buga littafi tun ba a haife mu ba, ta gyara zaman tabarau ɗinta ta ce:

"Ƙanena, na ji zobe, na ji rantsuwa. To mutanen nan naka me suke ci? Wa yake share musu ɗakin nan na ƙarƙashin ƙasa? In zoben ya ɓata gobe, wace sana'a za su kama?"

Muka ce, "Hajiya, ai asiri ne, ba a faɗa."

Ta ce, "Asiri ne ga mutanen cikin labarin. Kai da ka rubuta fa?"

Muka koma muka zauna. Gaskiya a ranar haushi muka ji, har a hanyar gida muna ta ce wa kanmu tsofaffin marubuta ba su fahimci irin wannan rubutu ba. Bayan kamar wata biyu wani abokinmu ya ara mana wani tsohon littafin Turanci da ya saya wurin masu gwanjon littattafai, bangonsa duk ya yage. Sunansa A Canticle for Leibowitz. Mako uku muka yi muna fama da shi da ƙamus a gefe, domin har da Latinanci a ciki. Kafin mu kai rabi mun gane cewa tambayar Hajiya ce marubucin ya zauna yake amsawa shafi bayan shafi.

Marubucin Ba'amurke ne, Walter Miller, an haife shi a 1923. Sojan sama ne a Yaƙin Duniya na Biyu, kuma yana cikin waɗanda suka yi ruwan bama-bamai a kan Monte Cassino a Italiya a watan Fabrairun 1944. Wurin nan gidan masu zuhudu ne na Kirista wanda aka kafa tun wajen shekara ta 529, ya shahara da adana littattafai da kwafe su da hannu. Abin ya tsaya masa a rai. Ya fara fitar da labarin kashi uku a wata mujalla tsakanin 1955 da 1957, sannan ya gyara ya haɗe su littafi guda a ƙarshen 1959. Littafin ya ci kyautar Hugo a 1961, kuma shi kaɗai ne dogon labarin da ya buga har ya mutu a 1996.

Ga yadda abin yake. An yi yaƙin nukiliya, duniya ta ƙone. Waɗanda suka tsira suka ce masu ilimi ne suka jawo musu wannan bala'i, saboda haka suka bi shugabanni da masana kimiyya suna kashewa, daga nan suka koma kan malaman makaranta, daga ƙarshe duk wanda ya iya karatu ma bai tsira ba. Littafi kuwa duk inda aka gan shi sai wuta. Mutane har alfahari suke yi da kiran kansu jahilai. A cikin wannan hali wani injiniyan lantarki mai suna Leibowitz, wanda ya yi wa soja aiki kafin yaƙin, ya ɓuya a wurin masu zuhudu na cocin Katolika. Da ya fid da rai da samun matarsa sai ya shiga cikinsu, daga baya ya kafa tasa ƙungiyar.

Aikin ƙungiyar kashi biyu ne. Akwai masu fasa-ƙwaurin littattafai, su ne ke ɗauko duk abin da ya tsira daga wuta su kai shi cikin hamadar kudu maso yammacin Amurka, su zuba a ganguna su binne. Akwai kuma mahaddata, waɗanda ke haddace littattafan tarihi da kimiyya da adabi ko da za a tono gangunan a ƙone. Mu da muka tashi muna ganin mahaddata a tsangaya ba sai an yi mana dogon bayani a kan wannan dabara ba. Shi Leibowitz kansa a bakin wannan aiki aka tona masa asiri, aka kama shi, aka rataye shi a kan wuta.

A nan muka fara ganin ramin da ke cikin namu labarin. Mutanen Miller suna ɓuya ne domin duk wanda aka gani da littafi ya mutu. Namu goma sha biyun kuwa babu mai neman su, babu abin da zai same su ko da sun yi taronsu a tsakiyar kasuwa. Mun ɓoye su ne kawai domin muna ganin ɓuya tana da ban sha'awa.

Labarin kansa yana farawa ne bayan shekara ɗari shida. Yanzu ba a kashe mai karatu, amma kuma babu wanda ya san ma'anar abin da aka adana. Masu zuhudu suna ta kwafe lissafi da zane-zanen injuna da hannu, tsara bayan tsara, ba su san me suke kwafewa ba. Wani almajirinsu ɗan shekara goma sha bakwai mai suna Francis yana zaman kaɗaici da azumi a hamada, sai wani tsoho matafiyi ya nuna masa dutsen da zai cike gurbin ɗan ɗakin da yake ginawa. Ɗaga dutsen ke da wuya ƙasa ta rufta, sai ga matakala zuwa wata tsohuwar maɓoya irin wadda aka gina domin tsira daga gubar nukiliya. Francis ya karanta rubutun da ke bakin ƙofa jikinsa ya hau rawa, domin a wurinsu kalmar da ke nufin ƙurar nukiliya ta daɗe da komawa sunan wani dodo. Shi a zatonsa gidan dodanni ya faɗo.

A ciki ya tsinci wani akwatin ƙarfe. Abin da ke cikinsa: wasu 'yan ƙananan tarkace masu wayoyi a gefe biyu, irin waɗanda mai gyaran rediyo ke sharewa daga shagonsa da yamma, da takardar sakamakon tseren dawaki, da wata 'yar takarda da mutum ya rubuta cefanen da zai kai wa matarsa gida, nama da kabejin gwangwani da burodi, sai kuma wata shuɗiyar takarda mai fararen layuka ɗauke da sunan Leibowitz. Zanen hanyoyin wayar wata na'ura ne.

Mu da muka yi difloma a fannin lantarki mun sha zana irin wannan zane har wuyanmu ya ƙage, kuma mun san inda yawancinsu suke ƙarewa bayan jarrabawa: wurin mai ƙosai. Don haka da muka ga Francis yana riƙe da takardar nan da hannu biyu yana kyarma, sai da muka yi dariya. Takardar cefane ta zama abin tabarruki, zanen waya ya zama wasiyyar waliyyi. Amma Miller bai bar mu mun daɗe muna dariya ba.

Shugaban gidan bai yi murna da abin da aka tsinto ba. Shekara da shekaru ƙungiyar tana neman coci ta tabbatar da Leibowitz a matsayin waliyyi, ga shi yanzu almajirai sun fara yaɗa cewa tsohon nan da Francis ya gani shi ne Leibowitz ya dawo. Shugaban ya san irin wannan jita-jita tana iya ɓata musu shari'a gaba ɗaya. Ya sa aka rufe maɓoyar, ya zane Francis, ya bar shi a matsayin almajiri har shekara bakwai saboda yaron ya kasa rantsewa cewa wanda ya gani mutum ne kawai. Daga baya aka turo manyan limamai biyu su bincika, ɗaya aikinsa ya kare kayan, ɗaya aikinsa ya ƙaryata su. Kun ga ƙungiya mai rai ke nan. Tana da shugaba mai tsoron abin da za a ce, da ƙananan ma'aikata masu gulma, da hukuma a sama wadda ake jiran sa hannunta.

Da aka karɓi Francis aka kai shi ɗakin kwafe littattafai. A nan akwai wani ɗan abu da ba za mu manta ba. Masu kwafe irin waɗannan zane-zane sun saba su bi takarda su cika ta da tawada kaf, su bar siraran fararen layuka, domin haka suka ga na asali yake. Aikin makonni, ga asarar tawada. Francis ne ya gano a wani guntun littafi cewa shuɗin nan ba shi da wata ma'ana, hanyar buga kwafi mai araha ce ta mutanen da ta sa launin ya fito haka. Ɗaruruwan shekaru ana bauta wa abin da masu shi ma ba su ɗauke shi komai ba.

Sai ya ɗauki fatar ɗan rago ya fara yi wa zanen kwafi na musamman, da ruwan zinare da ganyaye da furanni, kamar yadda ake yi wa allo zayyana ranar sauka. Shekara goma sha biyar yana wannan aiki a ɗan lokacin da yake samu. Da aka amince za a tabbatar da waliyyin, aka aike shi ya kai wa Fafaroma takardun biyu. A hanya 'yan fashi suka tare shi. Shugabansu ya dubi mai zinare ya ɗauka ita ce ta asali, ya riƙe ta, ya jefa masa tsohuwar shuɗiyar a matsayin tarkace. Francis ya isa yana baƙin cikin shekarunsa goma sha biyar, sai Fafaroma ya nuna masa cewa ai kyan tasa ne ya ɗauke idon ɓarawo har ta asalin ta tsira. Aka ba shi zinare ya je ya fanso aikinsa. A wurin da aka yi masa fashin, yana zaune yana jira, aka harbe shi da kibiya ya mutu.

Kashi na biyu yana zuwa bayan wasu shekara ɗari shida, a 3174. Wani masanin kimiyya mai suna Taddeo ya zo gidan ya duba takardun, ya tarar da cewa abubuwan da yake taƙama shi ya gano su an riga an san su tun tuni. Ya kuma tarar wani daga cikin masu zuhudun ya haɗa fitilar lantarki wadda almajirai ke juya injinta da ƙarfin jikinsu, har an yi rigima domin sai da aka sauke gicciye daga bango aka rataye fitilar a wurinsa. Taddeo ɗan uwan wani sarki ne mai shirin yaƙi, kuma kowa a gidan ya san hannun da ilimin zai faɗa. Kashi na uku a 3781 ne: ilimi ya dawo gaba ɗaya, makaman nukiliya ma sun dawo, aka sake harba su. 'Yan ƙungiyar suka ɗauki kwafin abin da suka adana da wasu yara suka shiga jirgin sama jannati suka bar duniya.

Miller bai yanke mana hukunci ba ko wahalar tasu ta yi amfani. Su ne suka riƙe ilimin da ya haskaka duniya, kuma da wannan ilimin aka sake ƙona ta. Mun rufe littafin muna gardama da kanmu, har yau ba mu gama ba.

Abin da ya sa labarin ya kama mu sosai shi ne mun taɓa ganin irinsa a cikin gidanmu. Kakarmu tana da wata adaka a ƙarƙashin gado, a ciki akwai gafaka, a cikin gafakar akwai wasu takardu huɗu da ajami, sun yi ja saboda tsufa. Na kakan mahaifinmu ne. Ba a taɓa su sai da alwala. In yaro ya yi zazzaɓi mai zafi takan ɗauko gafakar ta sa masa a ƙarƙashin matashi, mu ma an sa mana. Bayan rasuwarta, Allah ya jiƙanta, baffanmu ya ce a kai wa wani dattijon malami a unguwa ya karanta a san abin da ke ciki. Muka raka shi.

Malam ya daɗe yana dubawa, sannan ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, kakanku fataucin goro ya yi?"

Baffa ya ce, "Ƙwarai kuwa, Allah gafarta Malam, daga Shagamu yake kawowa."

Malam ya ce, "To wannan lissafin bashi ne. Wane sule goma, wane fam ɗaya da sule biyar, wane ya biya rabi."

Muka fashe da dariya a zauren. Baffa bai yi ba. Ya roƙi Malam ya karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya. A cikinsu aka ji sunan wani ƙauye da tuni gari ya haɗiye shi, aka kuma ji sunan wata mata da aka rubuta cewa an yafe mata bashinta. Baffa ya ce tun yana yaro yake jin mahaifinsa yana ambaton wata gwaggo mai wannan suna, bai taɓa sanin ko wace ce ba. Ya karɓi takardun ya mayar cikin gafaka da hannu biyu, daidai yadda kaka take yi. Da a ce tun farko an san lissafin goro ne, da tuni an kunna murhu da su. Rashin sanin ne ya kawo su hannunmu.

Kada kuma wani ya ɗauka masu fasa-ƙwaurin littattafai sai a ƙagaggen labari. A 2012, lokacin da masu ɗauke da makamai suka kama Tumbuktu a ƙasar Mali, Abdel Kader Haidara da wasu masu kula da ɗakunan karatu na gado sun yi ta zuba tsofaffin rubuce-rubucen hannu cikin adakoki a ɓoye, ana fitar da su a motoci da jiragen ruwa zuwa Bamako, har dubban ɗaruruwa. A Janairun 2013 an ƙone wasu dubbai da aka samu a cibiyar Ahmed Baba. Yawancin matasan da suka yi dakon adakokin nan ba malamai ba ne, ba lallai su iya karanta abin da suka ɗauka ba, kuma sun san abin da zai same su in an buɗe adakar a shingen bincike.

Bayan duk wannan muka koma kan labarinmu. Abu na farko da muka yi shi ne muka jefar da zoben. Mun gane cewa zoben yana yi wa mutanenmu aikin da ya kamata su yi da kansu: duk inda labari ya cije sai a murza zobe. Kayan Leibowitz ba sa warkar da kowa, ba sa harbin kowa. Duk nauyin da ke kansu mutane ne suka ɗora musu, shi ya sa kowane shafi yake cike da mutane. A madadin zobe muka ba ƙungiyarmu wata matacciyar wayar hannu mai fasasshen gilashi, wadda suka yi imani muryoyin kakanninsu suna ciki, suna jiran ranar da za a sake sanin yadda ake tashe ta. Mai karatu ya san mene ne, su ba su sani ba, kuma wannan tazarar ita ke sa shi dariya a wani wuri, ta sa shi tausayi a wani.

Sannan muka zauna da takarda muka amsa tambayoyin Hajiya ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda ba ta yi ba. Wa yake neman su, me zai yi musu in ya kama su? Daga ina hatsinsu yake zuwa? Wa yake gadon shugabanci, wa kuma yake ganin shi ya fi cancanta? Wane kuskure suke maimaitawa shekara ɗari biyu suna zaton farilla ne? Wane ne a cikinsu ya daina yarda da wayar amma yana tsoron ya faɗa? Kashi ɗaya cikin huɗu na amsoshin ne kawai ya shiga labarin. Sauran suna cikin littafinmu na rubutu, amma tun da muka san su mutanen suka fara magana kamar masu gida da maƙwabta.

Mun san wasu a cikinmu suna ganin labarin kimiyya ba namu ba ne. Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya tun 1969, saboda haka hanyar a buɗe take tun kafin a haifi iyayen wasunmu. Kuma kayan aikin suna gabanmu. Wanda ya san gafaka da allon zayyana da hadda, ya san yadda asirin sana'a yake bin jini a gidan maƙera ko wanzamai, ba ya buƙatar aron alkyabbar fim ɗin Turawa kafin ya gina ƙungiyar da ke riƙe da wani sirri.

Saura magana ɗaya, ita ce ta fi damun mu. Rubutun farko na labarin zoben nan babu shi yanzu. Yana cikin wayar da aka zare mana daga aljihu a tasha, ba mu da kwafi a ko'ina. Ba mu yi kukan rashinsa ba tun da ba shi da kyau, amma a wayar akwai gajerun labarai tara da waƙoƙin da muka yi shekara uku muna tarawa. Nawa ne a cikinmu suka rubuta littafi sukutum a WhatsApp, shafi-shafi, yau ko su kansu ba za su iya haɗo shi ba? Ku gwada neman wasu littattafan Hausa da aka yi ta rububinsu a shekarun 1990 ku ga wahalar da za ku sha. Mu ba wanda ya bi mu da wuta. Sakaci da lalacewar waya sun ishe mu.

Don haka a wannan mako, kafin kowa ya fara sabon babi, ya tattara abin da ya riga ya rubuta wuri guda, ya tura wa kansa ta imel, ya buga ko da kwafi ɗaya ne a takarda ya sa suna da kwanan wata, ya ba wani amintacce ya ajiye. Wanda kuma yake da adakar tsofaffi a gida ya nemi izinin manya ya ɗauki hoton takardun tun gara ba ta riga shi ba.

Sabon labarin namu mun karanta babinsa na farko a taron watan jiya. Hajiya ta saurara har ƙarshe, ta ce mai share ɗakin ya fi shugaban ƙungiyar daɗin ji, a ƙara masa fili. Muna kan gyara.

Ku gaya mana a ƙasa: in an tono ɗakinku bayan shekara ɗari shida, wane tarkace za a tarar, kuma me za a zaci shi ne? Allah ya ƙara mana basira, ya sa alƙalumanmu su amfane mu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.